Hotunan Tela Marasa Kai

Duk wanda ya taɓa kai wa Tela ɗinki ya san abu biyu game da shi: ba ya cika alkawari, kuma ba ya ɓata yadi. In ya ce maka Laraba, to je ka sha'aninka, wata Larabar yake nufi, ba wannan mai zuwa ba. Amma ran da rigar ta fito ka zura ta, sai ka nemi faɗan da ka ƙullo daga gida ka rasa inda ka ajiye shi. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. A ciki akwai baƙin keken ɗinki na ƙafa, da teburin yanka, da buhun ƙyallaye da ba a taɓa ganin ƙasansa ba, sai wani dogon madubi da ke jingine a kusurwa yana kallon ƙofa.

Abu na uku kuwa sai ka zo karɓar kaya za ka san shi. Tela yana da kyamara, tsohuwa mai cin fim, da ya saya a hannun maƙwabcinsa mai agogo. Riga ba ta fita shagon nan sai an ɗauke ta hoto a jikin mai ita. Kuma hoton daga wuya yake farawa ya tsaya a idon sawu. Kai dai ba ya shiga.

In aka ce, "Haba Tela, fuskata fa?" sai ya ce, "Kan nan ni na ɗinka shi? Wanda ya yi shi ya san abinsa. Ni aikina nake ɗauka."

Tsayuwar ɗaukar hoton ma abin kallo ce. Zai ware ƙafafu, ya rage tsawo, ya turo baya, ya kanne ido ɗaya, bakin ya karkace ya bi idon, ga tef na reto a wuya. Sau da yawa daidai lokacin da zai danna, sai mai rigar ya ƙyalƙyale da dariya, kafaɗa na rawa. Tela ya yi tsaki ya ce a tsaya da kyau, ana ɓata masa fim. A ransa kuwa daɗi yake ji, don ya gama yanke hukunci cewa murnar ɗinki ce ke sa mutane dariya. Bawan Allah, haka ya yi ta zama da wannan fassarar shekara da shekaru.

Matarsa, shi Sufeto yake ce mata. Kullum da rana ita ke kawo masa abinci shago, kuma kafin ta ajiye kwanon sai ta ɗauki rigar da ke kan tebur ta juya cikinta waje, ta bi kalmasa da ɗan yatsa, ta ce, "Nan ka yi gaggawa." Wani lokacin gaskiya ce, wani lokacin neman magana ne kawai, shi kuwa ko wanne ne sai ya hau. Duk sabon yayin da ya zo masa a ka, a jikinta yake fara gwadawa, saboda haka babu wanda ya kai ta yawan hotuna a kundinsa. Babu kuma ko ɗaya mai kai.

"Wai kai ba za ka ɗauke ni ko sau ɗaya kamar mutum ba?" ta kan ce.

"Fuskarki ai tana gida, kullum ina ganinta," in ji shi. "Ɗinki ne ke tafiya ba ya dawowa."

Ashe fuskar ce za ta tafi. Ciwo na 'yan kwanaki ya ɗauke Sufeto tun autarsu ba ta isa shiga makaranta ba. Hoton aurensu guda ɗaya, wanda wani ya ɗauka da kai da komai, yoyon rufi ya riga ya cinye shi a bango. Sai wani ɗan mitsitsin hoto a katin asibiti, wanda ma'aikacin ya ga duk faɗin katin babu inda ya dace da hatimi sai kan hancinta. Shi ke nan abin da ya rage.

Tela bai sake aure ba. Ya ce wa zai kawo ta zo tana yaba masa ɗinki? A kan keken nan ya raini 'ya'yansa, ya ɗinka musu kayan makaranta masu aljihu fiye da na kowa, ya aurar da su ɗaya bayan ɗaya. Auta kuwa da riguna ta san uwarta. A buɗe mata kundi a ce, "Ga Ummanki," sai ta ga leshi mai ruwan toka da hannaye biyu a kan ƙugu. In ta tambayi dangi kamanninta, gwaggo ta ce dogon hanci ne da ita, kawu ya ce ina, gajere ne, yayarta ta ce ita dai ta tuna tana da faɗa. Da za a haɗa bayanan nan a zana mutum, da yara sun gudu.

Da ido ya fara gardama, zare ya daina shiga allura sai an yi ta lallashi, Tela ya rufe shago. Auta da mijinta suka ɗauko shi da kekensa da buhun ƙyallayensa suka ba shi ɗakin baya. A nan ne wani abu ya same shi wanda bai gaya wa kowa ba. Wata safiya ya zauna a bakin gado ya nemi fuskar Sufeto a ransa, ya rasa. Awon kafaɗarta yana nan daram, da na ƙugu, da yadda take ɗora nauyinta a ƙafar hagu har sai ya ƙara wa siket tsawo ta wannan gefen. Muryarta ma tana nan, "Nan ka yi gaggawa." Amma daga wuya zuwa sama, wayam. Abin ya tsorata shi ƙwarai, ya kuma ba shi kunya.

Ana cikin haka Auta, da cikinta na fari ya tsufa, ta zo tana share masa ɗaki ta ga kundayen hotunan sun fara mannewa, wasu sun yi jajaja, kyankyasai sun ɗanɗana gefen wasu. Ta zauna tana buɗawa a hankali.

"Baba," ta ce, "in abin da zan haifa ya girma ya ce in nuna masa kakarsa, riga zan nuna masa?"

Tela ya ce, "Riga ce mai kyau ai." Ya faɗa da wasa, amma abincin ranar bai wuce masa da daɗi ba.

Mijin Auta mutum ne mai son na'ura. Aikinsa na ofis ne, amma babu abin lantarkin gidan da bai taɓa kwancewa ba, kuma kullum in ya mayar sai ƙusa ɗaya ta yi saura. Shi ya sa Tela ke kiransa Injiniya, shi kuwa yana amsawa da murna, bai san ba'a ba ce. Shi ne ya shigo da kwali wata ranar Asabar, ya ce ya kawo maganin kyankyasai. Ya fito da wata aba shimfiɗaɗɗiya mai murfi, ya ɗora a teburin falo kusa da kwamfuta. Ya ce sunanta sikana. A ɗaga murfin, a kifa hoto a kan gilashi, a rufe, sai wata sandar haske ta bi ta ƙasa a hankali tana gurnani, hoton ya fito a fuskar kwamfuta, ya zauna can inda ba ruwansa da yoyo ko ƙwaro.

Tela ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa murfin. "Wato dutsen guga ne da ke guga ta ƙasa."

"Kusan haka ne, Baba."

"Ba ya ƙonawa?"

"Ba ya ƙonawa."

Da farko daga nesa ya tsaya, hannu a baya. Amma da ya ga Injiniya na jefa hoto a kan gilashi a karkace, ya ce wai kwamfuta za ta miƙar, sai haƙurinsa ya ƙare. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin layin alli ba zai zuba ido ana ɗora abu a karkace a gabansa ba. Ya ture surukin nasa da gwiwar hannu ya karɓi aikin. Kowane hoto sai ya hure shi, ya goge da ƙyallen auduga, ya daidaita shi da kusurwar gilashi kamar zai yanka wuyan riga. Matsalar ɗaya ce, ba ya iya barin murfin a rufe. Da hasken ya kai tsakiya sai ya ɗaga ya leƙa ya ga yadda aiki ke tafiya, hoton ya goce, ya fito rabi riga rabi duhu.

"Baba, a bari ta gama mana," in ji Injiniya.

"Ni ban taɓa yin aikin da ba na ganin hannuna ba."

Kafin mako ya zagayo ya saba da ita har ya fara raina ta. In masu gidan sun fita, sai ya kifa leshi a kai, ya kifa maɓallai, ya kifa almakashi. Rannan Auta ta buɗe kwamfuta ta tarar da tafin hannun ubanta ya cika fuskar, da duk tabon allurar da ke jiki. Sannan gurnanin na'urar ya fara damunsa. Shi a saninsa, ƙarfen da ke kuka mai yake nema. Ya ɗauko 'yar kwalbar man keke ya ɗiga a maƙalar murfi, ya ɗiga a gefen gilashi ko zai gangara ciki, ragowar ya shafe gilashin da shi don ya yi sheƙi. Da yamma duk hoton da aka saka sai ya fito kamar an ɗauke shi a banɗaki bayan wanka da ruwan zafi. Injiniya ya kwance waya ya mayar, ya kashe ya kunna, ya yi gumi. Auta ce ta sunkuya ta shinshina gilashin.

"Baba."

"Na'am."

"Man keke nake ji."

"To ai kin ji kukan ya ragu," in ji Tela, ko kunya babu. Kukan kuwa bai ragu ba. Haka Injiniya ya wuni washegari yana goge gilashi, yana cewa ba komai, ba komai, da muryar da ke nuna akwai komai.

A ƙarshe dai kundayen suka ƙare. Suka zauna su uku aka yi ta wuce hotunan ɗaya bayan ɗaya a fuskar kwamfuta. Angwaye marasa kai, amare marasa kai, wani mai ƙaton tumbi cikin kwat, 'yan makaranta a jere kamar an sare su da zare. Tela na gefe yana bayani, wannan mai taurin biya ne, wancan kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya. Auta ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Sai aka shigo layin Sufeto, leshi mai ruwan toka, atamfa mai ganye, doguwar riga mai maɓallai a gefe, hannaye a ƙugu. Dariyar ta yi ta raguwa har ta koma wani abu dabam. Auta ta share ido da gefen mayafi ta ce hayaƙin kicin ne, alhali ba a kunna komai ba. Tela ya ji kamar ya nutse a kujerar.

Injiniya, don ya kawar da shirun, ya ce ai murfin na'urar ma yana da tasa fitilar, wadda ake haska fim da ita. Ko Baba ya ajiye finafinan da aka wanke hotunan da su? Tambayar banza ke nan. Mutumin da bai taɓa zubar da ƙyalle mai faɗin yatsa biyu ba, shi zai zubar da fim? Suna cikin durowar keke, ƙarƙashin tsofaffin allurai, a cikin ambulan ɗin mai wankin hoto. Wasu dai ya yanka ya ƙarfafa kwalar riguna da su a shekarun baya, ya ce sun fi kwali ƙarko, amma akasari suna nan.

Auta ta gyara zama. Ko a fim akwai kan? Aka jera su a 'yar maƙalar roba, aka rufe, hasken ya bi. Babu. Tela ba ya kuskure a aikinsa, daga wuya ya ɗauka, daga wuya ya fito. Auta ta miƙe da ƙyar ta ce bari ta ɗora girki.

Shi ma Injiniya ya kai hannu zai kashe, Tela ya riƙe shi. Ya hango wata kwat mai ruwan ƙasa da ya ɗinka wa wani malamin makaranta, wadda har gobe yake cewa bai taɓa yin kamarta ba.

"Tsaya. Ka ga hannun kwat ɗin nan? A hoton takarda babu bakin hannun. Na daɗe ina cewa mai wankin nan yana cin gefe, aka ce sharri nake masa."

Injiniya ya ce haka ne, injin wanki yakan datse gefe-gefen fim don ya dace da takarda, ita kuwa sikana duka take ɗauka.

"To ɗauko min shi da kyau. Ina son ka ga ɗinkin bakin hannun nan, ka san da wa kake zaune."

"Baba, in na sa ta a mafi kyau za ta daɗe fa."

"Ina za ni?"

Sandar hasken ta yi ta jan ciki kamar ba za ta kai ba. Tela ya zauna a kan hannayensa don kada ya ɗaga murfin. Da hoton ya fito, Injiniya ya yi ta ƙara girmansa yana jan shi zuwa gefen dama, har bakin hannun ya cika fuska, ɗinki a jere tsaf. Tela ya matso da tabarau har hancinsa na neman taɓa gilashin kwamfuta, yana gyaɗa kai. Sai ya ga wani abu a bayan hannun, can a bakin gefe.

"Mene ne wannan dattin? Ba ka goge man da kyau ba."

"Ba mai ba ne, Baba. Kamar madubi ne."

Madubin shago ne, wanda ke jingine yana kallon ƙofa. Siririn yanki ne ya shigo, wanda a takarda ba a taɓa ganinsa ba. Injiniya ya ƙara girma. Ga wani saurayin mutum da gashi cike da kai, ya ware ƙafafu, ya turo baya, kyamara a fuska. Injiniya ya ciji leɓe don kada ya yi wa surukinsa dariya. A bayan mutumin kuma, a bakin ƙofa, ga wata mace. Ita ma ta ware ƙafafu, ta rage tsawo, ta turo baya. Ta kanga murfin kwano a gefen kunci kamar kyamara, ta kanne ido ɗaya, ta karkace baki.

Abin da Tela ya fara ganewa wuyan rigar ne, don shi ya yanka shi. Sannan idonsa ya hau sama.

Fuskar ba ta fito tas ba, ta ɗan yi dishi-dishi, amma ita ce. Goshin nan ne, da kumatun, da girar da take ɗagawa in za ta ce ya yi gaggawa. Duk abin da ya nema a bakin gado ya rasa, ga shi ya dawo lokaci ɗaya, yana kwaikwayonsa. Ashe ba murnar ɗinki ke sa kafaɗun mutane rawa ba.

"Auta," ya kira. Ya sake. "Auta, zo."

Ta fito da ludayi a hannu. Ta dubi kwamfutar, ta dubi ubanta.

"Wace ce wannan?"

"Mai raina ni ce," in ji Tela. "Ummanki ce."

Girkin ranar dai ƙonewa ya yi, babu wanda ya tuna da shi sai da ƙauri ya iso falo. Suka bi finafinan kaf, ba su ƙara kallon riga ko ɗaya ba, gefen dama kawai suke nema. Duk hoton da aka ɗauka da rana, lokacin kawo abinci, in madubin ya shigo, to tana ciki. Nan ta zaro harshe. Nan ta rataya ɗankwali a wuya kamar tef tana auna bayansa daga nesa. Nan ta kumbura kumatu tana kwaikwayon mai tumbin kwat. Auta tana dariya tana kuka, ba ta ma ƙara ɗora wa hayaƙi laifi ba. Can wajen ƙarshe suka samu guda da ba ta kwaikwayon kowa. Da alama dariyar ta ci ƙarfinta, ta jingina da ƙofa, fuskarta sosai a madubi, baki buɗe, ga wushirya a fili.

Auta ta kai ɗan yatsa ta taɓa haƙoranta na gaba. "Ba wanda ya taɓa gaya min a wurinta na samo."

"Na manta ne," in ji Tela. "Wallahi na manta, 'yar nan. Duka fuskar na manta, na rasa yadda zan gaya miki."

Ta dafa kafaɗarsa.

Injiniya ya gyara murya ya ce wannan za a iya bugawa a takarda a sa a bango, sai dai a yanke inda ake so. Ya ja layi mai kusurwa huɗu a kan hoton a kwamfuta, ya kamo ta tun daga kai har ƙasa, da rigar gaba ɗaya, don ya san halin surukinsa.

"Matsa sama," in ji Tela.

Ya matsa.

"Ƙara. Daga wuya."

"Baba, rigar fa?" in ji Auta. "Ɗinkinka ne."

"Yanke ta," ya ce. "Rigar mun gan ta."

Injiniya ya yanke. Tela ya sa aka gyara layin sau biyu, don ya ce ya ɗan karkace.